Minti Bakwai a Bakin Titi: Martani ga Mai Cewa Tunda An Ga Kaya Magana Ta Ƙare

Kwanakin baya wani abokin aikinmu ya rubuta maƙala mai zafi a kan mutanen da ake kamawa da kayan laifi a mota, kotu ta ɗaure su, sannan su ɗaukaka ƙara suna cewa ba bisa ƙa'ida aka tsayar da su ko aka caje su ba. Zan riƙa kiransa Malam don girmamawa, kuma don abin da ya faɗa ba nasa ne shi kaɗai ba. Shi ake faɗa a majalisa da tasha duk ranar da aka ji lauya ya fitar da wani dillalin ƙwaya. A ganin Malam, irin wannan ƙara wayon lauyoyi ne kawai. Tunda an buɗe but an ga kaya, shari'a ta ƙare, yadda aka yi aka buɗe ɗin kuwa ba ruwan alƙali da shi. Ya yi wa kotunan Amurka dariya, ya ce a can minti bakwai kan wanke mai laifi tas. Ya yaba wa tsarin da muka gada daga Ingila, ya kuma ce idan ɗan sanda ya yi ba daidai ba a hukunta shi daban, amma kada a saki mai laifi don jami'i ya yi kuskure.

Maganar tana da daɗin ji. Sai dai misalin da Malam ya kafa ta a kai, rabin labarinsa ya bayar, ya bar rabi.

Shari'ar da yake nufi ita ce ta Dennys Rodriguez. Ranar 27 ga Maris, 2012, sha biyun dare ta ɗan gota, wani ɗan sanda mai suna Morgan Struble yana sintiri a titi mai lamba 275 a jihar Nebraska, da karensa mai sansano ƙwaya a cikin mota. Sai ya hango wata mota ta ɗan zame gefen titi, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta dawo hannunta. Dokar jihar ta hana hawa gefen titi, saboda haka ya tsayar da ita da ƙarfe 12:06. Direban, wato Rodriguez, ya ce rami ya kauce wa. Struble ya karɓi lasin da takardun mota da na inshora, ya je ya duba a kwamfuta, ya dawo ya yi wa fasinjan tambayoyi: daga ina, zuwa ina? Fasinjan ya ce Omaha suka je duba wata mota da ake sayarwa. Wajen 12:27 ko 12:28 jami'in ya rubuta takardar gargaɗi, ya miƙa wa direba, ya mayar wa kowa da takardunsa. Shi da bakinsa ya gaya wa kotu daga baya cewa a wannan lokacin ya gama da duk abin da ya sa ya tsayar da motar.

Amma bai sallame su ba. Ya nemi izinin zagaya motar da kare, Rodriguez ya ce bai yarda ba. Sai ya umarce shi ya kashe mota, ya fito, ya tsaya a gaban motar sintiri har wani jami'in ya iso. Da 12:33 na biyun ya zo, aka zagaya da karen, a zagaye na biyu ya nuna alama. Aka caje, aka sami babbar leda ta ƙwayar metamfetamin. Alƙalin farko da ya saurari batun ya ce, ban da zato na zuci, Struble ba shi da wani dalili na ci gaba da tsare su bayan ya ba da takardar gargaɗin, amma duk da haka ya ga a karɓi hujjar, domin jinkirin kaɗan ne. Rodriguez ya amsa laifi bisa sharaɗin zai ɗaukaka ƙara a kan cajin, aka ba shi shekara biyar. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta ce minti bakwai ko takwas ba wani abu ba ne.

Ranar 21 ga Afrilu, 2015, Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai shida cikin tara, ta ce abu ne. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin, kuma ƙa'idar da ta kafa ba ta da wuyar ganewa: ikon ɗan sanda na tsare direba yana ƙarewa ne da ƙarewar aikin da ya sa aka tsayar da shi, ko lokacin da ya kamata a ce aikin ya ƙare. Bayan nan, in zai ƙara tsare shi sai da sabon dalili. Lauyoyin gwamnati sun ce ai jami'in da ya yi sauri ya gama rubutunsa da wuri, ya kamata a bar masa rarar lokacin ya yi wani binciken da ita. Kotu ta ce babu wannan gyaran.

A nan Malam ya ajiye alƙalami, ya bar mai karatu da zaton Rodriguez ya koma gida yana dariya. Ba haka aka yi ba. Da aka mayar da shari'ar kotun ɗaukaka ƙara, sai ta ce a daren da aka yi cajin, hukunce-hukuncenta na baya sun halatta irin wannan ɗan jinkiri, saboda haka jami'in da zuciya ɗaya ya bi abin da kotu ta shimfiɗa masa. Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 2011, shari'ar Davis, da ya ce a irin wannan hali ba a jefar da hujja. Aka bar ƙwayar a matsayin hujja, aka tabbatar da ɗaurin. Mutumin da ake kafa misali da shi cewa minti bakwai sun wanke shi, bai wanku ba.

To wa ya amfana da ƙarar tasa? Duk direban da aka tsayar a Amurka bayan wannan rana, aka gama da shi, aka ce ya ɗan jira kare. Galibinsu ba su taɓa jin sunan Rodriguez ba, kuma babu komai a motarsu. Wannan shi ne abin da Malam bai duba ba, kuma a kansa duk saɓaninmu yake.

Ana tsayar da direbobi wajen miliyan 20 kowace shekara a Amurka. Wanda aka tsayar ba dalili, aka zazzage masa kaya a bakin titi, aka ɗaga kujeru, matarsa da 'ya'yansa na tsaye cikin sanyi, ba a sami komai ba, me zai yi? Zai mayar da kayansa ya tayar da mota, ya haɗiye takaicinsa. Ba shi da shari'a, don ba a tuhume shi da komai ba. Babu alƙalin da zai taɓa jin labarinsa. Mutum ɗaya ne kaɗai ke isa gaban kotu da wannan ƙorafi, shi ne wanda aka sami wani abu a wurinsa. Shi ya sa galibin shari'un da suka kafa haƙƙin direba a bakin titi sunayen masu laifi ne a kansu. Prouse, wanda saboda shi Kotun Ƙoli ta hana ɗan sanda tsayar da mota haka kawai don duba lasin a 1979, tabar wiwi aka gani a motarsa. Riley, wanda saboda shi aka hana buɗe wayar mutum ba tare da takardar izinin kotu ba a 2014, an tsayar da shi ne a Kalifoniya saboda takardun motarsa sun ƙare, aka kuma sami bindigogi. Babu na gari a cikinsu da za ka ba 'yarka. Amma in aka rufe musu ƙofar kotu saboda munin halinsu, an rufe ta ne ga kowa, domin babu wata ƙofar da wannan tambaya ke shiga ta cikinta.

Kuma tambayar ba ta raini ba ce. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun tattara bayanan tsayar da motoci kusan miliyan 100, suka buga sakamakon a 2020. Sun gano cewa rabon baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa da zarar duhu ya yi, lokacin da jami'i ba ya iya ganin fuskar direba daga nesa, kuma ana caje baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da dalilin da bai kai wanda ake nema kafin a caje farar fata ba. Duk wanda ya san titi ya san ma'anar wannan ba sai an yi masa fashin baƙi ba.

Sai batun cewa masu laifi na ta kuɓucewa. Nawa ne suke kuɓucewa? Kotun Ƙolin Amurka da kanta, a shari'ar Leon ta 1984, ta kawo ƙiyasin wani masani, Thomas Davies, cewa cikin waɗanda ake kamawa da manyan laifuffuka, masu tsira saboda an jefar da hujja suna tsakanin kashi 0.6 ne zuwa 2.35 cikin ɗari. A shari'un ƙwaya adadin ya fi haka, tsakanin kashi 2.8 da 7.1. Ba zan ce wannan ba komai ba ne, amma ba ambaliyar da Malam ya zana ba ce. Tun daga lokacin kuma kotun ta yi ta ƙara wa 'yan sanda mafita.

In ma akwai abin sukar kotunan Amurka a nan, ta ɗaya ɓangaren yake. A 1996, a shari'ar Whren, wasu jami'an yaƙi da ƙwaya cikin farin kaya a birnin Washinton suka ga wata mota ta daɗe tsaye a mahaɗa, ta kuma juya ba tare da sa sigina ba. Suka bi ta suka tsayar. Kowa ya san ba siginar ce ta dame su ba. Alƙalai tara, baki ɗaya, suka ce abin da ke zuciyar jami'i ba ruwan kotu da shi, muddin dai an karya wata dokar hanya komai ƙanƙantarta. Wane direba ne zai yi tafiyar rabin awa ana bin sa a baya ba a kama shi da wani ɗan kuskure ba? A 2014 kuma, a shari'ar Heien, wani jami'i a Karolina ta Arewa ya tsayar da mota don fitilar birkinta ɗaya ta mutu, aka sami hodar iblis. Ashe dokar jihar fitilar birki ɗaya mai aiki kawai ta wajabta, wato direban bai karya komai ba. Kotun Ƙoli, takwas cikin tara, ta ce kuskuren jami'in na fahimtar doka kuskure ne da hankali zai ɗauka, hujja ta zauna. Direba in ya ce bai san doka ba, ba a saurarensa. Wanda aka ɗauka aiki don ya tsare dokar, shi an yi masa uzuri. Wannan ce ƙasar da Malam ke cewa ta ɗaure wa 'yan sanda hannu.

Shawarar da Malam ya fi alfahari da ita, a karɓi hujja sannan a hukunta ɗan sanda daban, tsohuwa ce, kuma an gwada ta. Alƙali Benjamin Cardozo ya kare irinta tun 1926 da kalaman da har yau ake maimaitawa. Jihohi da yawa sun bi ta shekara da shekaru. Roger Traynor na kotun ƙolin Kalifoniya yana cikin masu wannan ra'ayi, shi ya rubuta hukuncin 1942 da ya ƙi yarda a jefar da irin wannan hujja. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1955, shi ɗin dai ya rubuta hukuncin shari'ar Cahan da ya juya baya ga matsayinsa na da. Dalilinsa shi ne sauran hanyoyin tsawata wa 'yan sanda sun gaza kwata-kwata, kuma kotu ta wayi gari tana zaman abokiyar aikin masu karya doka. A 1961, a shari'ar Mapp, Kotun Ƙoli ta wajabta ƙa'idar jefar da irin wannan hujja a kan dukkan jihohi.

Dalilin gazawar a fili yake. Wa zai hukunta jami'in da ya kama buhun ƙwaya? Shugabansa da zai tsaya da shi gaban 'yan jarida a ɗauki hoto? Ko mai gabatar da ƙara, wanda wannan jami'in ne babban shaidarsa? Ko kuwa fursunan ne zai kai ƙarar neman diyya daga gidan yari? Malam ya tambayi kowane lauya a garinsu yadda ake wahala kafin a karɓi diyyar da kotu ta yanke a kan hukumar gwamnati, sannan ya dawo mu yi magana. Abu ɗaya da jami'i ke jin zafinsa nan take shi ne ya ga shari'ar da ya yi wa wahala ta rushe saboda yadda ya yi aikinsa. Gobe zai kiyaye.

Akwai kuma wani zato da ke kwance a ƙarƙashin maƙalar tun daga farkonta, cewa samun kaya a mota daidai yake da tabbatar laifi. A gundumar Jackson ta jihar Fulorida an yi wani jami'in sintiri, Zachary Wester, da ya shahara da yawan kame. Yakan tsayar da mota kan ƙaramin laifi, ya caje, ya fito da ƙwaya. Sai wata mai gabatar da ƙara ta zauna ta kalli bidiyon kyamarar da ke maƙale a ƙirjinsa, ta ga abu a hannunsa tun kafin ya fara cajin. Shi ke ajiyewa, shi ke tsinta. An janye shari'u sama da 100, a 2021 kuma kotu ta same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara goma sha biyu da rabi. Kafin asirinsa ya tonu, akwai waɗanda suka haƙura suka karɓi hukunci a kan ƙwayar da ba su taɓa gani ba, domin wa zai yarda da su? Ba ƙa'idar jefar da hujja ce ta kama Wester ba, kyamara ce da idon wata ma'aikaciya mai tsoron Allah. Abin da labarinsa ke nunawa shi ne tambayoyin da Malam ke kira ɓata lokaci (me ya sa ka tsayar da shi, wa ya ba ka izinin buɗewa, wa ke tsaye lokacin da ka buɗe) su ne kaɗai hanyar da alƙalin da bai je wurin ba zai bi ya san ko kayan na mai motar ne.

Yanzu ga tsarin Ingila da Malam ke yabo. Ya san daga ina ya iso mana? Daga wani shingen 'yan sanda a Kenya, zamanin dokar ta-ɓacin da Turawa suka sa don murƙushe 'yan Mau Mau. Wani ma'aikacin gona, Kuruma ɗan Kaniu, yana tafe a kan kekensa aka tsayar da shi, aka caje shi, 'yan sanda suka ce sun sami harsashi biyu a jikinsa. Ya ce ba nasa ba ne. Dokar ta-ɓacin da kanta ta ce sai jami'i mai muƙamin mataimakin sufeto ko sama da haka ne zai yi irin wannan caji, waɗanda suka caje shi kuwa ba su kai ba. Mashawartan da suka zauna tare da alƙali sun ga a sake shi, alƙali ya ƙi. Hukuncin riƙe harsashi a lokacin kisa ne, kuma shi aka yanke masa. Ƙararsa ta kai Landan, gaban majalisar alƙalan Sarauniya mai sauraron ƙararrakin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. A hukuncin da aka buga a 1955, Lord Goddard ya ce abin dubawa shi ne ko hujjar ta shafi tuhumar. In ta shafa, kotu ba ta damu da yadda aka samo ta ba. Aka kori ƙarar. Wannan hukunci ne Kotun Ƙolin Najeriya ta bi a 1968 a shari'ar Musa Sadau, ya zama shi ne doka a nan shekaru da dama. Ƙa'idar da aka tabbatar wa Baƙar fata hukuncin kisa da ita a kan harsashi biyu, ita ake so mu riƙe da alfahari a matsayin tamu, mu kira ɗayar baƙuwa.

Kuma ko a nan ɗin doka ta matsa, Malam bai lura ba. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 14, ta ce hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba ko ta karya doka ana karɓarta, sai dai idan kotu ta ga illar karɓar ta fi amfaninta. A nan Malam yana da rabin gaskiya, domin karɓa ce asali, saɓanin Amurka. Amma sashe na 15 ya jera wa alƙali abubuwan da dole ya auna: ƙarfin hujjar da muhimmancinta, girman laifin da ake tuhuma, girman karya dokar da jami'in ya yi, ko da gangan ya yi ko da ganganci, ko an ɗauki wani mataki a kansa ko akwai alamar za a ɗauka, da kuma ko ana iya samo hujjar ba tare da an karya doka ba. A lura da batun ɗaukar mataki. Dokar da kanta ta san cewa alƙawarin za a hukunta jami'i daban abu ne da sai an bincika, ba a ɗauke shi kamar an riga an yi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda aka sa wa hannu makonni kaɗan kafin zanga-zangar EndSARS, ta ƙara da cewa tsayarwa da caji sai da zargi mai dalili, kuma shekarun mutum ko askinsa ko irin tufafinsa ba dalili ba ne. Ga kuma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da ya kare sirrin ɗan ƙasa. Idan babu wanda zai iya tsayawa gaban kotun sama ya ce an taka waɗannan sassa a kansa, to rubutu ne kawai a takarda, mai dokar barci kuma ya ci gaba da gyangyaɗinsa ba mai tashinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda Malam ya kira duk wannan tsirfar Nasara. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Imam Gazali ya kawo a cikin Ihya ƙissar da ɗaliban zaure suka sani: Sayyidina Umar ya haura katangar wani mutum ya same shi cikin saɓo, mutumin ya nuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, Sarkin Musulmi kuwa ya yi uku, ya yi leƙen asiri, bai shigo ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Umar ya ƙyale shi bisa sharaɗin tuba. Laifin mutumin a fili yake, Halifa da idonsa ya gani. Duk da haka malamai suka kawo ƙissar don su koya wa mai hisba iyakarsa. Ba na cewa fiƙihu da dokar Amurka abu ɗaya ne. Ina cewa tunanin a tambayi mai kame ta wace ƙofa ya shigo ya riga Amurka zuwa duniya.

Akwai inda hujjar Malam ke da nauyi, kuma ba zan tsallake shi ba. Mu da muke zaune a yankin da ake safarar bindigogi zuwa daji cikin buhunan hatsi, idan aka ce za a saki mai ɗauke da makamai saboda jami'in da ya buɗe but bai cika wata ƙa'ida ba, ba wanda zai yi barci. Amma ba haka ƙa'idar take ba ko a inda ta fi tsauri. Tun 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a caje mota ba tare da takardar kotu ba idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, saboda mota ba ta jira. A 1984, a shari'ar kisan wata yarinya 'yar shekara goma a jihar Iowa, ta ce hujjar da ko ta yaya da an gano ta ta halastacciyar hanya ba a jefar da ita. A 2000, da ta haramta shingen da birnin Indiyanapolis ya kafa don farautar ƙwaya kawai, ta faɗa a fili cewa shingen da aka kafa don dakile harin ta'addanci ko tare wani mugu da ke gudu daban yake. A namu tsarin kuwa girman laifi yana cikin abin da sashe na 15 ya ce a auna. Alƙalin da aka kawo wa bindigogi ashirin ba zai yi awo ɗaya da wanda aka kawo wa ƙullin wiwi daga aljihun ɗan acaɓa da aka tare saboda askinsa ba. Wani lokaci mai laifi na gaske zai fita, wannan gaskiya ne, kuma da ciwo. Na karɓi wannan ciwon a kan in zauna a ƙasar da duk abin da jami'i ya ce ya tsinta ya zama hukunci.

Ita kanta ɗaukaka ƙarar ba ƙofa ce a buɗe ba kamar yadda maƙalar ta nuna. Kotun sama ba ta sake kiran shaidu, takardun shari'ar farko take karantawa. Idan ɗan sanda ya ce direba ya amince a caje, direba ya ce bai amince ba, alƙalin farko kuma ya gaskata ɗan sanda, da wuya kotun sama ta taɓa wannan, tunda ba ita ta ga fuskokinsu ba. Idan lauya bai yi ƙorafi a kan hujjar a kan lokaci ba (a kotunan tarayyar Amurka kafin a fara shari'a, a nan lokacin da ake miƙa ta), galibi damar ta wuce. Ko an yarda an yi kuskure, in sauran hujjoji sun isa su tabbatar da laifin, hukunci na nan daram. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya yi nasara, ba wayon lauya ne ya fitar da shi ba, ɓarnar da aka yi a bakin titi ce ta yi yawa har ta kasa ɓoyuwa.

Saboda haka roƙona ga lauyoyinmu, musamman matasa da ke karɓar shari'un talakawa: ku daina barin kayan shaida suna shigewa kuna zaune. Ku tashi ku tambayi jami'in me ya gani kafin ya ɗaga hannu, minti nawa ya tsare motar, wa ya shaida buɗewar, ku sa a rubuta amsarsa, ku ambaci sashe na 14 da na 15 ko da alƙali zai ƙi. Abin da ba a rubuta a ƙasa ba, ba a ganinsa a sama. Wanda kuma aka ɗaure masa ɗa ko ƙane a Babbar Kotu a kan kayan da aka ce an samu a mota, kuma yana da shakka a kan yadda aka yi, kada ya bari maganar majalisa ta kashe masa gwiwa. Ya nemi kwafin shari'ar, ya je wurin lauya, in ba shi da hali ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa. A kotunan tarayyar Amurka kwana 14 ake bayarwa a shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. A nan kwana 90 ne daga ranar da aka yanke hukunci.